Malam Sa'adu Zungur: Malamin Da Ya Ɗauki Sharhin Siyasa A Matsayin Nasiha

Duk lokacin da kakar zaɓe ta kama a ƙasar nan, kasuwar masu sharhi ce ke fara ci tun kafin ta 'yan takara. Gidajen rediyo su cika da masu fashin baƙi, shafukan Facebook su cika da masu hasashen wanda zai ci da wanda zai sha ƙasa, majalisun dare kuwa su koma tamkar ƙananan majalisun dokoki. Matasanmu da dama, har da ɗaliban ilimi, sun shiga wannan fage, kuma ya kamata su san cewa akwai waɗanda suka riga su shigarsa. Fiye da shekara saba'in da suka wuce, tun zaɓe bai tsaya da ƙafafunsa a Arewa ba, an yi wani malami ɗan Bauchi wanda ya ƙarar da lafiyarsa da gajeriyar rayuwarsa wajen bayyana wa jama'a yadda ake mulkinsu, da yadda shari'a ta ce a mulke su. Wannan malami shi ne Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur, Allah Ya jiƙansa.

Mun kawo tarihinsa a wannan shafi ne domin shi ɗan makarantar allo ne kuma ɗan zaure kafin ya zama ɗan jarida ko ɗan siyasa. Abin da ya karanta a gaban malamai shi ne ma'aunin da ya riƙa auna sarakuna da Turawa da 'yan jam'iyya da shi, kuma bai sauya ma'aunin ba ko da abin aunawar ya kasance na ɓangarensa ne.

Gidan da ya fito

An haifi Malam Sa'adu a Bauchi wajajen shekarar 1915, a gidan malamai da limamai. Garin da ya tashi a cikinsa yana da tarihin da ba ya ɓoyuwa ga ɗan gidan ilimi. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ya zauna a gabansa ya yi karatu kafin a ba shi tuta. Saboda haka sarautar Bauchi, kamar sauran masarautun da suka fito daga jihadi, an kafa ta ne a kan alkawarin tsayar da adalci da raya sunna. A 1902 sojojin Turawan Ingila suka shiga Bauchi, suka bar sarauta a wurinta, amma suka ɗora ta a kan wani sabon tsari. Sarki ya zama shugaban hukumar En'e, Razdan da Di'o suna bayansa, kuma muddin haraji na shiga, ƙasa na kwance, ba a cika tambayar yadda talaka ya kwana ba.

A cikin wannan yanayi yaron ya yi karatun Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihun Malikiyya da nahawu da lugga kamar yadda 'ya'yan malamai ke yi. Ya san rubuce-rubucen shugabannin jihadi, irin su Kitabul Farƙi na Shehu, wanda ya bambanta mulkin Musulunci da mulkin zalunci, da Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya zayyana haƙƙoƙin da ke kan mai mulki. Wanda ya san waɗannan littattafai, sannan ya fita ya ga yadda dogarai ke karɓar haraji da jangali, ya ga aikin tilas da gaisuwar da ake kai wa masu iko kafin a saurari ƙara, dole tambayoyi su taso masa. Tambayoyin da suka taso wa Sa'adu tun yana matashi su ne ya yi ta maimaitawa har ya koma ga Mahaliccinsa.

Daga Katsina zuwa Yaba

Bayan makarantar lardi ta Bauchi, an tura shi Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa, kuma daga cikinta ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito. A 1934 ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga wannan makaranta. Zamansa a can bai yi tsawo ba, amma ya buɗe masa ido. A Legas ya ga jaridu na sukar Gwamna da sunansa, ya ga mutanen gari na jefa ƙuri'a su zaɓi wakilansu uku a Majalisar Dokoki, abin da Legas ta samu tun 1923, alhali Arewa gaba ɗaya ba ta cikin hurumin wannan majalisa.

Da ya dawo gida sai ya shiga fannin kiwon lafiya, ya koyar a makarantar horar da ma'aikatan tsafta a Kano, daga baya aka mayar da shi Zariya. A Zariya ya fara tara matasa 'yan boko domin karatu da muhawara, ya kafa ƙungiyar da ake tattauna al'amuran ƙasa a cikinta. A nan ne zumuncinsa da wani ɗalibi Bakano mai suna Aminu ya yi ƙarfi. Malam Aminu Kano ya ci gaba da ɗaukarsa a matsayin malami kuma jagora, har daga baya ya rubuta littafi a kan rayuwarsa.

A Zariya kuma ciwon huhu ya kama shi, ciwon da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Dole ya ajiye aikin gwamnati ya koma Bauchi jinya. Ga mai kallo daga nesa, nan ne ya kamata labarinsa ya ƙare: matashi mai hazaƙa, ciwo ya kwantar da shi, albashi ya yanke. Sai dai abin da Allah Ya tsara daban ne, domin a wannan zaman jinya ne aikin da aka san shi da shi ya soma.

Majalisar Taɗi ta Bauchi

A 1942 aka turo Malam Aminu Kano koyarwa Makarantar Midil ta Bauchi, inda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Haɗuwar waɗannan mutane uku a gari ɗaya ta haifar da abin da ba a saba gani ba a Arewa. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi da yardar Turawan mulki, Malam Sa'adu na cikin jigoginta. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da Turawa kan zauna a tattauna batu guda, kowa ya kawo hujjarsa. Turawa sun so ta zama wurin da 'yan boko za su riƙa huce zafin zuciya a gaban idonsu. Malam Sa'adu da abokansa kuwa suka mayar da ita makarantar koyon yi wa hukuma tambaya.

An tattauna mulkin En'e da amfaninsa, da haraji, da ilimi, da makomar ƙasa bayan yaƙi. Ana cikin haka aka kai ga tambayar da ta girgiza fada, wato a kan wane ma'auni ake yanka wa sarki albashi. A zamanin da talaka ke cire takalmi ya faɗi ƙasa idan hakimi zai wuce, wannan tambaya ta yi kama da saɓo a kunnen mutane da yawa. Ba a jima ba aka rufe majalisar. Amma ɗalibin da ya karanta tarihin Khalifofi Shiryayyu ya san cewa Sahabbai ne da kansu suka yanka wa Sayyidina Abubakar abin da zai ci daga baitulmali, kuma an tsayar da Sayyidina Umar a bainar jama'a an tambaye shi game da tufafin da ke jikinsa, ya kuwa ba da amsa. A nan ƙarfin Malam Sa'adu yake. Duk abin da aka ce masa baƙon tunani ne da ya kwaso daga Legas, sai ya nuna asalinsa a cikin littattafan da malaman fada da kansu suke karantarwa.

Da aka rufe Majalisar Taɗi, sai suka kafa ƙungiyar neman kyautata rayuwar jama'ar Bauchi, wadda ba ta ƙarƙashin kulawar hukuma. Masana tarihi na lissafa ta cikin ƙungiyoyin siyasa na farko-farko a Arewacin Najeriya.

Alƙalami da jarida

A wancan zamani hanyoyin isar da ra'ayi ga jama'a kaɗan ne. Akwai Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam na editanta, amma tana ƙarƙashin inuwar gwamnati. Akwai kuma jaridun Kudu, musamman West African Pilot ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda aka kafa a 1937. Malam Sa'adu ya zama mai aika wa wannan jarida labarai da sharhi daga Bauchi, da Turanci mai kaifi wanda ya sa Turawan lardi suka riƙa sa masa ido. Ya kuma riƙa rubuta wasiƙu da takardun koke zuwa ga hukuma. Ga waɗanda ba su jin Turanci kuwa, sai ya bi hanyar da Shehu da Nana Asma'u suka bi, wato waƙa da harshen da kowa ke ji.

Waƙoƙinsa ba su da yawa, amma kowacce ta yi nisan zango. A Waƙar Bidi'a ya yaƙi al'adun da aka cusa cikin addini har suka zama kamar ibada. A Maraba da Soja ya tarbi dakarun ƙasar nan da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda da yawansu suka yi yaƙi a dazukan Bama. Sojojin sun tafi ne da sunan kare 'yanci, suka dawo ƙasar da ba ta da shi, kuma wannan bai ɓace wa masu sauraro ba.

Babban batun siyasa na shekarun nan shi ne tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947. Shi ne ya raba ƙasa jihohi uku, ya kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, ya kuma shigar da Arewa cikin Majalisar Dokoki ta ƙasa a karon farko. Amma babu ƙuri'ar talaka a ciki. Hukumomin En'e ne ke tsamo wakilai daga cikin ma'aikatansu, sauran kuma Gwamna ya naɗa. Jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa a 1946 tana neman goyon bayan jama'a domin yaƙar wannan tsari, a wannan rangadi ne ma shugabanta Herbert Macaulay ya kamu da ciwon ajali. Malam Sa'adu ya ga cewa a lokacin ita ce kaɗai jam'iyyar da ke maganar 'yancin ƙasa baki ɗaya, sai ya shige ta. A 1948 ya zama sakatarenta na ƙasa, ya koma Legas da zama. Ɗan gidan limamai daga Bauchi ya riƙe ragamar ofishin babbar jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, a lokacin da akasarin 'yan bokon Arewa ke ɗari-ɗari da ita.

Bai manta da gida ba. Da aka yi babban taron Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a watan Yuni na 1949, ƙarƙashin jagorancin Dokta Dikko, Malam Sa'adu ya halarta, aka ba shi muƙamin mai ba da shawara kan shari'ar Musulunci. A lokacin ƙungiyar ta al'adu ce, kuma masu zafin ra'ayi da masu sanyin ra'ayi duk suna cikin inuwa ɗaya.

Arewa Jumhuriya ko Mulukiya

Zaman Legas ya koya masa wani darasi mai ɗaci. Ya ga yadda wasu abokan gwagwarmayarsa ke kallon Arewa da mutanenta da addininta da raini, ya kuma ga irin ratar da ke tsakanin ɓangarorin biyu a ilimin zamani da aikin gwamnati. Ya gane cewa idan Turawa suka tafi alhali Arewa na cikin wannan hali, talakan da yake yi wa fafutuka zai sauya uban gida ne kawai. Ga ciwo kuma ya matsa. Sai ya bar Legas ya dawo Bauchi.

A wannan tsakani ne ya rubuta waƙarsa mafi shahara, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. Ya buɗe ta da wasiyya ga duk mai magana cewa ya tsaya kan gaskiya, ya kuma shirya ɗaukar abin da za ta jawo masa. Daga nan ya ɗora wa sarakuna da talakawa tambaya guda: wane irin mulki Arewa za ta yi idan 'yanci ya zo? Mutane da yawa da suka san shi da sukar En'e sun zaci zai ce a rushe sarauta. Sai ya ba su mamaki. Ya nuna cewa sarauta gado ce ta jihadi wadda ta cancanci a kiyaye ta, amma ba za ta tsira ba sai ta koma kan adalci da shawara, ta rungumi ilimi, ta daina dogaro da bulalar dogari. Ya gargaɗi sarakuna cewa idan suka ƙi gyara da hannunsu, guguwar jumhuriya za ta zo ta yi musu gyaran da ba su so. Masu bin labaran duniya a lokacin sun san abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 'yancin 1947, yadda aka haɗiye masarautunsu ɗaya bayan ɗaya. Bai kuma ƙyale talakawa ba. Ya lissafa cututtukan da ke cikin al'umma, irin su jahilci da bara da roƙo da karuwanci, ya ce muddin suna nan, Arewa za ta sha kunya a gaban sauran jama'a.

Waƙar ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba. Fada ta ji zafin sukar da ke cikinta, abokansa na Kudu sun ji zafin gargaɗin da ya yi game da su, matasa masu zafin ra'ayi kuma suka ga ya yi wa sarauta sassauci, har Malam Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da waƙarsa Arewa Jumhuriya Kawai. Wannan shi ne abin da muke so mai karatu ya lura da shi. Malam Sa'adu yana da ɓangare, bai taɓa ɓoye shi ba, amma ɓangaren bai hana shi faɗin abin da ya gani ba. Da ya ga aibi a jam'iyyar da yake wa sakatare, ya faɗa. Da ya ga alheri a sarautar da yake suka, shi ma ya faɗa.

Zaɓen 1951 da abin da ya tona

A watan Janairu na 1950 aka yi babban taron Ibadan kan sabon tsarin mulki, inda wakilan Arewa suka dage sai an ba jiharsu rabin kujerun majalisar tarayya, aka kuwa ba ta 68 cikin 136. A watan Agusta na shekarar Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a majalisar Kaduna yana neman a yi wa mulkin En'e garambawul, kuma a ranar 8 ga watan ne wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Maganganun da aka rufe Majalisar Taɗi saboda su shekaru kaɗan baya, yanzu sun shiga zauren majalisa, sun kuma zama manufar jam'iyya. A ƙarshen 1950 masu zafin ra'ayi suka rabu da Jam'iyyar Mutanen Arewa, a watan Oktoba na 1951 kuma ita ma ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. Daga nan Arewa ta rabu gida biyu, 'yan Salama da 'yan Sawaba. Malam Sa'adu ya tsaya tare da 'yan Sawaba, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suke komawa gare su domin hujja da shawara.

Zaɓen farko da aka yi a Arewa a 1951 ya cancanci ɗalibai su san yadda aka tsara shi, domin sai an san tsarin zaɓe ake gane sakamakonsa. Talaka ba ya zaɓen ɗan majalisa kai tsaye. Maza masu biyan haraji kan taru a ƙauye ko unguwa su fitar da wakilai, a fili, a gaban dagaci ko mai unguwa. Waɗannan wakilai su je matakin gunduma su zaɓi wasu daga cikinsu, a haka ake hawa mataki-mataki har a kai ga taron ƙarshe na lardi, wanda shi ne ke zaɓen 'yan majalisar Kaduna su 90. A wannan mataki na ƙarshe doka ta ba hukumar En'e damar shigo da mutanenta, adadin da ya kai kashi goma cikin ɗari na masu zaɓen, ba tare da sun bi ta matakan ƙasa ba, kuma su ma ana iya zaɓensu.

Sakamakon ya fito kamar yadda tsarin ya nufa. A birnin Kano NEPU ta yi rinjaye a matakin farko, amma da aka kai matakin ƙarshe ba ta sami kujera ko ɗaya ba, Malam Aminu Kano kansa bai kai labari ba. Majalisar ta cika da hakimai da manyan ma'aikatan En'e. Abin da Malam Sa'adu ya shafe shekaru yana faɗa ya tabbata a idon kowa: muddin hukuma ɗaya ce ke riƙe da haraji da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari, sannan ita ce ke tsara zaɓe kuma 'ya'yanta ne 'yan takara, to ƙuri'a ba za ta iya sauya komai ba sai an gyara hukumar.

Shekarun da suka biyo baya sun yi zafi. A 1953 aka yi taƙaddamar ƙudurin neman mulkin kai a 1956, aka yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu, aka yi asarar rayuka. An yi zaɓen tarayya a 1954, aka yi na jihar Arewa a 1956, NPC ta lashe duka biyun a Arewa da gagarumin rinjaye. A wajen yaƙin neman zaɓe, hana izinin lacca da ɗaure 'yan adawa a kotunan alƙalai kan zargin zagin sarki sun zama ruwan dare. Abin da ya fi muni shi ne shigar da addini cikin gaba. An riƙa gaya wa talakawa cewa ɗan Sawaba ya fita daga biyayyar da Allah Ya wajabta, an kuma yi amfani da ƙawancen NEPU da NCNC wajen jifan 'ya'yanta da kafirci. Su ma 'yan Sawaba ba su bar bashi ya kwana ba wajen zafafan kalamai. A irin wannan fage ne amfanin mutum kamar Malam Sa'adu ya bayyana, domin ba a iya ce masa jahili, ba a kuma iya ce masa baƙo a gidan malanta. Matsayinsa shi ne biyayya ga shugaba tana tafiya ne tare da adalci da shawara, kuma yi wa shugaba nasiha wani yanki ne na addini kamar yadda hadisi ingantacce ya tabbatar.

Duk wannan yana yin sa ne daga ɗakin jinya a Bauchi. Jikinsa ya yi rauni, tafiye-tafiyen yaƙin neman zaɓe sun fi ƙarfinsa, amma matasa na zuwa wurinsa, wasiƙunsa na fita, waƙoƙinsa na yawo a bakin mutane.

Rasuwarsa

Allah Ya yi wa Malam Sa'adu Zungur rasuwa a ranar 28 ga Janairu, 1958, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Watanni kaɗan kafin nan abokin muhawararsa na Majalisar Taɗi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama Firayim Ministan Najeriya. Shi kuwa bai zama minista ba, bai tara dukiya ba. Bai ga mulkin kan Arewa na watan Maris 1959 ba, bai ga zaɓen ƙarshen wannan shekara ba, wanda a cikinsa ne mazan Arewa baki ɗaya suka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce, kuma ɗalibinsa Aminu Kano ya ci kujerar majalisar tarayya. Bai ga ranar 1 ga Oktoba, 1960 ba. Gargaɗinsa ga sarakuna kuwa ya tabbata bayan ransa. Najeriya ta zama jumhuriya a 1963, gwamnatocin soja da suka zo daga 1966 suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa raba sarauta da mulki.

Sunansa bai ɓace ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙinsa da tarihinsa a 1974. Farfesa Mahmood Yakubu, masanin tarihi ɗan Bauchi wanda daga baya ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa, ya tattara rubuce-rubucensa na siyasa a 1999. Jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau tana ɗauke da sunansa a yau, haka ma babban ɗakin taro na Gidan Mambayya a Kano.

Abin da ya bar wa masu sharhin yau

Malam Sa'adu mutum ne, yana da zafin harshe, kuma malamai da masana sun saɓa masa a wasu ra'ayoyinsa tun yana raye. Ba dole ne mai karatu ya yarda da jam'iyyar da ya zaɓa ba, domin a ɗaya ɓangaren ma akwai malamai da masu kishin al'umma na gaskiya. Abin koyi a rayuwarsa shi ne yadda ya riƙi aikin.

Ya yi karatu kafin ya yi magana. Ya san fiƙihu da tarihin jihadi, ya kuma san dokar da Turawa ke mulki da ita da yadda aka tsara zaɓe mataki-mataki. Matashin da ke son yin sharhi a yau yana buƙatar irin wannan guzuri. Ya san hukuncin ƙazafi da annamimanci da shaidar zur, ya kuma san dokar zaɓe da yadda ake tattara sakamako daga rumfa zuwa mazaɓa. Alƙur'ani ya umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, ya kuma hana mu bin abin da ba mu da ilimi a kansa. Wannan umarni bai ware lokacin kamfen ba.

Bai sayar da alƙalaminsa ba. Mutum mai iliminsa, a zamanin da ake neman 'yan boko ido rufe, da ya so kujera da ya samu. A yau an san sana'ar sojan baka, inda ake biyan mutum ya yabi wanda ya san azzalumi ne, ya ɓata wanda ya san mutumin kirki ne, wani lokaci har da jan aya. Wanda ke cin irin wannan abinci ya tuna cewa abin da yatsa ya rubuta a waya yana cikin abin da mala'iku ke rubutawa, kuma saƙon da mutum dubu goma suka karanta, shaidu dubu goma ne.

Ya yi wa nasa adalci kamar yadda ya yi wa abokin hamayya. Allah Ya umarci muminai su tsayar da shaida ko da a kan kawunansu da iyayensu da danginsu ne, Ya kuma hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a ƙi yi musu adalci. Wannan ita ce jarrabawar da mafi yawan masu sharhi ke faɗuwa, domin sukar abokin gaba ba ta da wuya. Mai sharhin da bai taɓa ganin laifin jam'iyyarsa ba, maroƙi ne ko da ya sa rawani.

Iyaye da malaman Islamiyya kuma suna da nasu rabon. Yaron da aka koya wa tarihin Sayyidina Umar da littattafan Shehu da Abdullahi, aka nuna masa cewa tambayar shugaba cikin ladabi da hujja haƙƙinsa ne, ba zai zama ɗan bangar siyasa cikin sauƙi ba, ba kuma zai sayar da ƙuri'arsa da taliya da sabulu ba. Irin wannan tarbiyya ce ta fitar da Malam Sa'adu daga wani zaure a Bauchi.

Allah Ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan nasihar da ya yi wa al'ummarsa. Mu kuma Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu, Ya ba mu shugabanni masu adalci da masu faɗa musu gaskiya. Amin.